Kwanan tuƙa tukunya a Samarƙand

Hunturun Uzbekistan ƙasa yake kamawa. Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu gona kan daskare, ruwan lambatu ya zama dutse, itatuwa su kaɗe ganyensu ƙaf su tsaya tsirara. Manomi ba shi da abin yi a waje, makiyayi kuma sai dai ya riƙa lallaɓa dabbobinsa da harawar da ya tara. Don haka idan Maris ya raba tsakiya, rana ta fara ɗumi, mutanen ƙasar ba sa bari abin ya wuce salin alin. Ranar 21 ga wata, daidai lokacin da tsawon dare da na yini ke daidaituwa, suke yin bikin sallamar sanyi da shiga sabuwar shekarar noma, wanda suke kira Nauruz.

Wata ƙawata ce ta ja ni can. Tare muka yi karatun aikin gona a Malesiya, kuma tun muna ɗaki ɗaya take ce mini in har Allah ya nufe ni da zuwa ƙasarsu, to in zo a watan Maris ko in haƙura. A 2019 Allah ya yi. Maigidana ya daɗe yana burin ziyartar kabarin Imamul Bukhari, sai muka haɗa tafiyar. Daga Abuja muka bi ta Santambul, muka sauka Tashkent da asuba cikin wani sanyi mai ratsa ƙashi, daga nan muka hau jirgin ƙasan nan mai gudu, Afrosiyob, wanda ke cinye tazarar sama da kilomita 300 zuwa Samarƙand cikin awa biyu da 'yan mintoci.

Ta tagar jirgin na fara ganin bikin. Alkamar da aka shuka tun kaka ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, yanzu ta farfaɗo ta yi kore shar, can nesa kuma duwatsu na nan da farin rawaninsu. A kowane ƙauye muka gifta akwai mutane a waje da tsintsiya da shebur. Wasu na yashe magudanan ruwa, wasu na shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, 'yan makaranta na dasa sababbi. Aikin gayya ne da ake yi duk shekara kafin Nauruz, unguwa unguwa, har maƙabartu ake sharewa.

Mun fara da abin da ya kawo maigidana. Kabarin Bukhari yana ƙauyen Hartang, kimanin kilomita 25 daga Samarƙand, inda ya rasu a daren ƙaramar Sallah ta shekarar 256 bayan Hijira, wato 870 Miladiyya. Mun yi masa addu'a, mun biya ta Shahi Zinda, inda ake danganta wani kabari da Ƙusamu ɗan Abbas, ɗan baffan Manzon Allah (SAW). Wannan labari ne mai zaman kansa. Na kawo shi ne don mai karatu ya san irin ƙasar da ake maganarta, ƙasar Bukhari da Tirmizi da Maturidi.

Gidan surukan ƙawata yana cikin wata tsohuwar unguwa mai lunguna, da ƙatuwar ƙofar ƙarfe da tsakar gida mai rumfar inabi wadda ba ta riga ta yi ganye ba. Uwar mijinta ce uwar tukunyar unguwar a wannan shekara. Dattijuwa ce gajera mai haƙoran zinare, kowa na ce mata hola, kamar yadda za mu ce inna, ni ma na bi sahu. Ta rungume ni sau uku, ta zaunar da mu, ta gutsuttsura gurasa da hannu ta ajiye gaban kowa, sannan ta zuba mini koren shayi rabin kofi. Haka suke yi wa baƙon da suke girmamawa, don mai gida ya samu damar ta ƙara masa da hannunsa. Ban gama sha ba ta kama hannuna.

"Taso 'yata, zo ki ga 'ya'yana," in ji ta, ƙawata na fassara.

A wani ɗaki mai duhu a bayan gida aka jera alluna na katako, a kan kowanne an baza alkama an lulluɓe da farin ƙyalle mai ɗanshi. Da ta yaye ɗaya sai ga tsiro ya yi cincirindo, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, kansa fari-fari mai sirkin ɗorawa, saiwoyin kuma sun sarƙe da juna har ana iya ɗaga shi gaba ɗaya. Kusan mako guda ke nan tana yayyafa masa ruwa safe da yamma, kuma ba ta taɓa shi sai da alwala. Ta ce gobe za a yanka, don in aka bari ya yi kore sosai ɗaci zai shiga tukunya. Da wannan tsiro ake yin sumalak, abincin da in babu shi ba a yi Nauruz ba a wannan ƙasa.

Abin ya taɓa ni ta fuskar sana'ata. Ƙwayar hatsi idan ta fara tsiro takan saki wani sinadari da ke narkar da sitacin cikinta ya koma suga, don jaririn tsiron ya samu abin ci. Matanmu sun san wannan sirri, shi ne abin da tsiro ke yi wa kunun zaƙi. Su a can sun ɗauki sirrin sun kai shi ƙarshe, don sumalak ko ƙwayar suga ɗaya ba a sa masa, amma zaƙinsa sai ya ishe ka. Kuma ka duba lokacin da ake yin sa: ƙarshen hunturu, rumbu ya yi ƙasa, ba ganye ba 'ya'yan itace, jiki ya yi laushi. Mutanen da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba suka gano cewa a cikin ƙwayar alkama mai tsiro akwai abin da zai mayar musu da ƙarfi.

Washegari tun da hantsi gidan ya cika. Kowane gida a layin ya kawo gudummawarsa, wannan fulawa, wancan man angurya, wani itace, wanda ba shi da ko ɗaya ya ba da kuɗi, wata gwauruwa kuma ta kawo hannunta kawai, ba wanda ya ɗaga mata gira. Maza suka haƙa murhu a tsakar gida, suka ɗora wata tukunyar baƙin ƙarfe da mutum biyu za su iya zama a ciki, suka liƙe gefenta da laka don kada wuta ta zurare. Mu kuma mata muka yayyanka tsiron, aka niƙa shi a injin niƙa nama, aka zuba ruwa aka matse cikin ƙyalle. Ruwan farko ya fito fari kamar madara, aka ajiye shi daban. Aka sake jiƙa tuƙar aka matse karo na biyu, sannan na uku, kowanne da mazubinsa.

Kafin a kunna wuta kowa ya zauna. Wata malamar unguwa ta karanta ayoyi daga Alƙur'ani da ƙira'a mai kyau, aka yi addu'a ga mamata da marasa lafiya da damina mai albarka, aka shafa. Sannan hola ta shafe cikin tukunyar da mai, aka dama fulawa da ruwan tsiron na farko aka juye. Daga ƙarshe ta fito da wasu 'yan duwatsun rafi masu santsi da ta wanke tas, ta yi bismilla ta jefa su ciki ɗaya bayan ɗaya. Amfaninsu shi ne su riƙa gogar gindin tukunya yayin da ake tuƙi, kada ya kama.

Daga wannan lokaci muciya ba ta sake tsayawa ba sai asuba. Muciyar ta fi ni tsawo. Da farko abin ruwa-ruwa ne, fari, yaro ma zai iya juya shi. Da yamma ta yi aka ƙara ruwa na biyu, bayan isha aka ƙara na uku, launin ya tashi daga fari zuwa ruwan ƙasa, daga nan ya riƙa duhu. Da aka miƙo mini muciyar, hola ta tsaya a bayana ta ɗora hannunta kan nawa. Ta nuna mini cewa ba a juya sama, sai an kai muciyar har ƙasa an ji ta kartar ƙarfe, a tura gaba, a jawo, a zagaya gefe. Duwatsun na ƙara ƙwal-ƙwal a ƙarƙashi, tururi mai ƙamshin gasasshiyar alkama na dukan fuskata, hayaƙi na sa ni hawaye, ga kumfa na fashewa tana watso zafi a hannu.

"Roƙi Allah abin da kike so, 'yata. Mai tuƙi ba ya yin shiru da zuciyarsa."

Na roƙa wa mahaifiyata lafiya. Bayana wata amarya ce da aka kawo unguwar 'yan watanni da suka wuce. Da ta karɓi muciyar tsofaffin suka ɗaga hannu suna roƙa mata haihuwa, ita kuma ta sunkuyar da kai kunya ta rufe ta. Bayanta wata ɗaliba mai shirin jarrabawar shiga jami'a, sai wata mata da mijinta ke aikin ƙwadago a Rasha, kamar dubban mazan ƙasar, wadda ta daɗe tana tuƙi bakinta na motsi ba ta ba kowa ba. Duk wanda ya shigo gidan a daren, ko wucewa yake, sai an ba shi muciya ya juya ko sau ɗaya ne.

Barci shi ne abokin gaba, maganinsa kuma waƙa. Wata mata ta gasa fatar bandirinta a bakin murhu har ta yi ƙarfi, ta fara kiɗa, sauran suka ɗauki amshi, 'yan mata suka shiga fili suna rawa da kafaɗa da tafin hannu. An ja ni, na taka gwargwadon iyawata. Ana ta kawo shayi da samosar ganye mai zafi daga tanderu, wadda aka cusa wa alayyafo da na'ana'a da wasu ganyayen daji da yara suka tsinko a bakin rafi, ganyen farko da aka gani tun kaka. A can ƙofar gida maza ma sun ɗora tasu tukunyar ta halim, alkama da nama da ake dafawa har su narke su zama abu ɗaya. Da dare ya raba, sumalak ya yi kaurin da hannun mace ɗaya ba ya iya jan muciyar, sai aka kira samari suka riƙa karɓa bi da bi, tsofaffin na zaune suna yi musu gyara.

A wannan tsakin daren ne hola ta ba yara labarin asalin abincin. Wai wata matalauciya ce da 'ya'yanta bakwai, yunwar ƙarshen hunturu ta kama su, ba ta da komai sai ɗan tsiron alkama. Ta zuba shi a tukunya da ruwa da duwatsu, tana ce wa yaran ya kusa nuna har barci ya kwashe su, ita ma ya kwashe ta. Cikin dare mala'iku talatin suka sauko suka yi ta tuƙawa, da gari ya waye ta tarar da tukunya cike da abinci mai zaƙi, ta ciyar da 'ya'yanta ta raba wa maƙwabta. Tatsuniya ce, su ma a haka suke ba da ita. Amma duk wanda ya zauna a Islamiyya zai tuna ƙissar Sayyidina Umar da matar da ya tarar cikin dare tana dafa tukunyar da ba abinci a ciki don ta lallashi 'ya'yanta. Yunwa ce tushen wannan biki, kuma masu yin sa ba su manta ba.

Da yara suka yi barci hira ta koma ta manya. Tsofaffin sun tuna zamanin Tarayyar Sobiyat, lokacin da hukuma ke kallon Nauruz a matsayin ragowar addini da ya kamata a kawar. A tsakiyar shekarun 1980 har wani bikin aka ƙirƙiro a watan Afrilu mai suna Navbahor don ya maye gurbinsa. Hola ta ce a waɗannan shekaru sukan rufe ƙofa su ɗora ƙaramar tukunya, ba kiɗa ba waƙa, da safe a zagaya da kwanuka a ƙarƙashin mayafi. Sai a 1990 aka mayar da ranar hutun ƙasa, shekara guda kafin samun 'yancin kai. Yau UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake karewa tun 2009, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware masa 21 ga Maris tun 2010, tana ƙiyasta masu yin sa sun haura miliyan 300, daga Iran da Afganistan da Tajikistan har Azarbaijan da yankunan Kurdawa. Duk wannan ya zo ne daga baya. Waɗanda suka riƙe shi lokacin da riƙon ke da haɗari su ne irin waɗannan mata da nake zaune a tsakiyarsu.

Na san tambayar da ke zuciyar mai karatu, don ni ma da ita na je. Nauruz ya girmi zuwan Musulunci yankin, asalinsa na tsofaffin Farisawa ne, kuma Majusawa na girmama shi har gobe. Akwai malamai, a can ma, da ba su yarda da shi ba, suna kafa hujja da hadisin Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, Sallah ƙarama da babba. Maigidana ya yi wa wani dattijo a wajen tukunyar maza wannan magana, dattijon ya amsa masa cewa su ma Idinsu biyu ne, wannan ranar manoma ce, ranar da ake gode wa Allah an fita hunturu da rai. Ni ba mai fatawa ba ce. Abin da na gani da idona shi ne an buɗe da Alƙur'ani, an tashi an yi sallolin da suka riske mu, an ciyar da mabuƙata, kuma a gidan ban ga wanda ya rusuna wa wuta ba. Inda zuciyata ba ta kwanta ba na janye, zan kuma faɗi wurin.

Gab da kiran asalatu hola ta ɗebo kaɗan a cokali ta duba, ya yi duhu kamar cakulan yana sheƙi. Ta ce a janye itace. Aka rufe tukunyar da babban faranti, aka lulluɓe da barguna, aka bar ta kan rushi ta turara har hantsi ya ɗaga. Da aka zo buɗewa unguwa ta sake taruwa. Saman ya yi 'yan zane-zane saboda tururi, matan suka duƙufa suna cewa ga tsuntsu, ga reshe, wasu na fassara abin da shekara za ta zo da shi. Nan ne na koma gefe, don gaibu na Allah ne. Galibinsu dai da dariya suke yi.

Da ɗan ƙaramin yatsa ake fara ɗanɗanawa. Zaƙinsa mai nauyi ne, da ɗan ƙamshin ƙauri a bayansa, yana kama harshe, cokali uku sun isa mutum. Sai rabo, wanda a wurina shi ne bikin gaba ɗaya. Aka jera kofuna da kwalabe, hola na zubawa tana kiran gidaje da suna, yara na ɗauka da gudu. An fara da tsofaffin da ba sa iya fitowa da marasa lafiya, sannan gidajen da aka yi rasuwa cikin shekarar. Har wata tsohuwa Barashiya Kirista da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi an kai mata nata. Wanda ya tsinci dutse a kofinsa yakan wanke ya adana. Gidan da aka yi wahalar dafawa bai rage wa kansa fiye da na kowa ba.

Ranar Nauruz ɗin kanta muka shiga gari. Kakakin tagulla masu tsawon gaske na ruri, algaita na bi, ga 'yan kokawa, ga masu tafiya kan igiya, ga rumfunan gundumomi kowace da shinkafarta mai jan karas da rawaya. Dandalin Registan da makarantunsa uku masu shuɗin ado, wadda ta fi tsufa an gama ta a 1420, ya cika maƙil da iyalai cikin sababbin kaya. Ya yi kyau matuƙa, amma wasannin da hukuma ta shirya a kan dandamali, da jawabai da 'yan rawa masu kaya iri ɗaya, ba su riƙe ni ba. Kallo ne, an tsara shi don a kalla. Na fi jin daɗin hawa tudun da Ulugh Beg, sarkin Samarƙand na wancan zamani, jikan Sarki Taimur, ya gina ɗakin nazarin taurarinsa a shekarun 1420. Ragowar ma'auninsa na dutse na nan a cikin rami, an tono shi a 1908. A wannan ɗaki ya jera taurari 1,018, ya kuma auna tsawon shekara da kuskuren da bai kai minti ɗaya ba. Garin da ke bikin ranar da dare da yini suka daidaita ya taɓa samun sarkin da ya zauna ya auna abin da kansa.

Kafin mu wuce Bukhara, mijin ƙawata ya kai mu wani fili a gindin duwatsu don mu ga kupkari. Mahaya ne sun fi ɗari, sanye da riguna masu kauri, wasu da tsofaffin hulunan sojan tanka na zamanin Sobiyat, suna kokawar ɗauke gawar akuya da aka yanka daga ƙasa su kai ta wurin da aka shata. Mata ba su da yawa a wurin, muka tsaya can saman tudu. Ko daga nan ana jin ƙasa na girgiza. Dawakan kan cure wuri ɗaya, ƙirji na dukan ƙirji, tururi na tashi daga jikinsu, sai ka ga wani ya cije bulala a baki, ya zame daga sirdi har kansa ya kusa taɓa ƙasa, ƙafa ɗaya kawai a likkafa, ya fizgo akuyar ya danne ta ƙarƙashin cinya ya ɓalle, sauran su rufa masa baya. Mai shela na faɗin kyautar kowane zagaye ta lasifika, darduma ko tunkiya ko talabijin, da sunan wanda ya bayar.

Jan gawar dabba a ƙasa bai yi mini daɗi ba, na kuma faɗa wa mai masaukinmu haka. Ya ce naman ba ya tafiya a banza, ana dafa shi a ci. Hawan dai ban taɓa ganin irinsa ba. Wani saurayi da bai wuce shekara ashirin ba ya ci zagaye biyu a jere a kan wani doki akawal, da aka ba shi tunkiya ya sauko ya miƙa igiyarta ga wani tsoho a cikin 'yan kallo, aka ce mana shi ne ya yi kiwon dokin. Wasan na lokacin sanyi ne, da zafi ya shigo ake ajiye shi sai kaka, don haka wannan yana cikin na ƙarshe a shekarar. Da yawan mahayan manoma ne, kuma a hanyarmu ta komawa gari mun wuce taraktoci sun riga sun shiga gonakin auduga suna kaftu.